Jiragen Ruwa Masu Sulke a Kan Tebur: Wasan Awo da Tarihi, Ba Tare da Dalma Ba

A wannan fitowa, ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta ta ɗauko wani batu da zai zo wa da yawanmu a matsayin baƙo. A wasu ƙasashe akwai mutane, yara da manya har da masu furfura, waɗanda sha'awarsu ita ce tara ƙananan jiragen ruwa na yaƙi, kowanne bai wuce tsawon yatsa ko tafin hannu ba. Suna shafa musu fenti, su jera su a cikin kabad mai gilashi, ranar hutu kuma su shimfiɗa shuɗin ƙyalle a kan tebur su sake buga yaƙe-yaƙen teku da aka yi shekaru fiye da 150 da suka wuce.

Wani zai ce, mu da babban ruwan da muka sani shi ne gulbin da ake ƙetarewa da kwalekwale a Gummi, ina ruwanmu da jirgin teku? Dalilanmu biyu ne. Na farko, wannan wasa cike yake da lissafi da tarihi da kimiyya, kuma duk wanda ya taɓa ƙera motar kara yana da hannun yin sa. Na biyu, ƙarfen da aka daɗe ana zuba waɗannan ƙananan jirage da shi, shi ne dalma. Babu garin da ya fi Dareta sanin abin da wannan suna yake nufi.

Mene ne jirgi mai sulke?

Mun san labarin barade na da, waɗanda ke sa sulke su yi wa dawakinsu lifidi don kada kibiya ko mashi su huda su. Abin da aka yi wa jiragen ruwa ke nan a tsakiyar ƙarni na 19. Kafin lokacin, jiragen yaƙi na katako ne, iska ce ke tura su da manyan ƙyallaye, igwoyinsu kuma dunƙulen ƙarfe suke jefawa. Katako mai kauri yakan jure irin wannan duka na tsawon sa'o'i.

Sai aka ƙirƙiro harsashin igwa mai fashewa, wanda ke shiga cikin katako ya tarwatse ya ta da gobara. A watan Nuwamba na 1853, jiragen Rasha suka afka wa jiragen Daular Usmaniyya ta Turkiyya a tashar Sinop, suka ƙone kusan dukkansu a rana guda. Manyan ƙasashe suka gane cewa katako ya gama yayi.

Faransa ce ta fara amsa. A 1859 ta saka jirgin Gloire a ruwa: gangar jikinsa katako, amma an lulluɓe shi da faranten ƙarfe masu kaurin santimita 12. Ingila ta ga haka ba ta zauna ba. A watan Disamba na 1860 ta fito da Warrior, wanda gangar jikinsa ma ƙarfe ce, tsawonsa mita 128, wato ya fi filin ƙwallo tsawo, kuma mutum wajen 700 ne ke aiki a cikinsa. Yana da injin tururi mai cin kwal, yana kuma da ƙyallayen iska. Warrior bai taɓa harba igwa a fagen fama ba, kuma yana nan har yau a garin Portsmouth, an mai da shi gidan tarihi.

Ga tambayar da ɗan aji ɗaya zai yi: yaya ƙarfe zai zauna a kan ruwa? A jefa ƙusa a bokiti, za ta nutse. A ɗora kwanon sha a kan ruwan, zai yi iyo, alhali ya fi ƙusar nauyi. Sirrin yana ga siffa. Kwano yana ture ruwa mai yawa saboda faɗin cikinsa, ruwan kuma yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Jirgin ƙarfe babban kwano ne. Muddin ruwa bai shiga cikinsa ba, ba zai nutse ba.

Ranar da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe

Faɗan da masu wannan wasa suka fi maimaitawa a kan tebur ya faru ne lokacin yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865 tsakanin Arewa da jihohin Kudu da suka ɓalle don riƙe bautar da bayi. Mutanen Kudu suka tsamo wani jirgi da aka ƙona mai suna Merrimack, suka gina masa rufi mai gangare kamar jinka, suka lulluɓe shi da ƙarfe mai kaurin inci 4, suka sa masa igwa 10 da ƙahon ƙarfe a goshi don tunkuyi. Suka raɗa masa suna Virginia.

Ranar 8 ga Maris 1862, Virginia ya shiga mashigin ruwan Hampton Roads, ya hallaka manyan jiragen katako biyu na Arewa, Cumberland da Congress. Mutum fiye da 200 suka mutu. Harsasan da aka yi ta harba masa sai su bugi gangaren ƙarfen su zame. Wani jirgin katako na uku, Minnesota, ya kafe a wuri marar zurfi, yana jiran tasa ƙaddarar da safe.

Cikin dare sai ga wani baƙon abu ya iso daga New York. Sunansa Monitor, wani injiniya haifaffen Suwidin mai suna John Ericsson ne ya tsara shi. Bayansa shimfiɗe yake, bai fi rabin mita a saman ruwa ba, a tsakiyarsa kuma akwai wani zagayayyen ɗakin ƙarfe kamar rumbu, mai juyawa, da igwa 2 a ciki. Maimakon a juya jirgi gaba ɗaya don a saita abokin gaba, sai a juya rumbun kawai. Washegari, 9 ga Maris, jiragen biyu suka yi ta musayar wuta kusan awa 4, babu wanda ya huda wani. Virginia ya janye, Minnesota ya tsira.

Bayan haka aka ci gaba da gwaji. A 1866, a yaƙin Lissa tsakanin Ostiriya da Italiya, wani jirgin Ostiriya ya tunkuyi babban jirgin Italiya ya nutsar da shi, abin da ya sa aka yi shekaru ana sa wa jirage ƙaho. Nahiyarmu ma ta ɗanɗana: ranar 11 ga Yuli 1882 jiragen Ingila masu sulke suka yi ruwan wuta a kan birnin Iskandariyya, daga nan mamayar Masar ta biyo baya. Saboda masu ƙira na wancan zamani kowa lalube yake yi, jiragen sun fito da siffofi iri-iri, wani kamar jinka, wani kamar rumbu, wani mai ƙaho. Wannan bambanci ne ya sa masu tarawa suke son su.

Yadda ake ƙanƙanta jirgi

Abin da ya raba wannan sana'a da ƙera abin wasa da ka shi ne ma'auni. Idan aka rubuta 1:600, ana nufin kowane santimita 1 a jikin ƙaramin jirgi yana wakiltar santimita 600, wato mita 6, a jikin na gaske. Dabarar mai sauƙi ce: a ɗauki tsawon jirgi a mita, a raba da 6, amsar ita ce tsawon ƙaramin a santimita.

Mu gwada. Warrior mita 128 ne, a raba da 6, ya ba da santimita 21 da 'yan kai. Virginia wajen mita 84 ne, ya zama santimita 14. Monitor wajen mita 54 ne, ya zama santimita 9, rumbunsa kuma, mai faɗin mita 6, ya zama santimita 1. Kwalekwale mai tsawon mita 6 shi ma santimita 1 zai zama. Idan aka jera su kusa da juna, ido zai ga a take yadda Warrior ya ninka Monitor fiye da sau biyu, abin da hoto a littafi ba ya nunawa.

Akwai wasu ma'aunan da aka saba da su, kamar 1:1200 da 1:2400. A 1:1200 Warrior zai koma ƙasa da santimita 11, a 1:2400 kuma ya ɗan haura santimita 5. Mai son ganin kowace igwa da kowace taga yakan zaɓi 1:600. Mai son jera rundunar jirage 20 a tebur ɗaya yakan zaɓi ƙaramin ma'auni. Dokar masu tarawa ita ce kada a gauraya ma'auni biyu a jeri guda, don ƙaramin jirgi zai fito kamar babba, jerin ya yi ƙarya.

Yawancin waɗannan jirage ana yanke su ne daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, gindinsu a shimfiɗe, don idan aka ajiye su a kan shuɗin ƙyalle su yi kamar suna cikin teku. A ƙarƙashin kowanne akan manna takarda mai ɗauke da suna da ƙasa da shekara.

Daga ina wasan ya fito?

Mu ma muna da wasan dabarar yaƙi. Dara, mai gurabe 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, tana koyar da haƙuri da hangen abin da abokin karawa zai yi. Bambancin shi ne a dara duk 'ya'yan ƙarfinsu ɗaya, a wasan jirage kuwa kowane jirgi yana da saurinsa da kaurin sulkensa da yawan igwoyinsa, kamar yadda tarihi ya rubuta.

A 1824 wani hafsan ƙasar Prusiya, wadda wani ɓangarenta yake cikin Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa shugabannin soja wasan yaƙi a kan taswira, suka karɓe shi a matsayin hanyar horo. A 1898 wani Baturen Ingila, Fred Jane, ya fitar da littafin da ya tattara bayanan jiragen yaƙin duniya, ya kuma tsara wasan teku da ƙananan jirage. A wasansa, mai harbi yana bugun zanen jirgin abokin gaba a takarda da 'yar sanda mai allura a baki, inda allurar ta huda nan harsashi ya sauka. A shekarun 1930 wani marubuci a New York, Fletcher Pratt, ya kawo wata dabarar. 'Yan wasa suna jera jirage a daɓen babban zaure, mai harbi ya dubi jirgin abokin gaba ya kintaci nisansa da ido ya rubuta, sannan alƙalin wasa ya zo da tef ya auna. Wanda kintacensa ya yi daidai, ya samu. Babu jefa ɗan lido, babu sa'a, ido ne da ƙwaƙwalwa. Wannan hanya ita ce ta fi dacewa da mu.

Inda dalma ta shigo

Me ya sa masu ƙera ƙananan sojoji da jirage suka so dalma? Tana da araha, tana da laushi, kuma tana narkewa a zafin digiri 327, wanda wutar gawayi ke kaiwa cikin sauƙi, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500. Idan aka zuba ta a mazubi takan shiga kowane lungu ta fito da ƙananan siffofi tsaf. A 1893 kamfanin Britains na Landan ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki, suka cika kasuwannin duniya, yara suna wasa da su, ƙanana suna sa su a baki.

Da likitoci suka ƙara fahimtar illar dalma, sai al'amarin ya juya. Kamfanin Britains ya daina yin irin waɗancan sojojin a 1966. A farkon shekarun 1990 hukumomi a jihar New York suka taso da maganar hana sayar da ƙananan siffofi masu dalma, kamfanoni da dama suka koma ga gaurayen kuza marar dalma. Yau da yawa daga cikin jiragen da ake sayarwa na roba ne, wasu ma na'ura ce ke fitar da su daga zanen kwamfuta. Masu wasan sun rabu da dalma, wasan bai ragu da komai ba, don tun asali daɗinsa yana ga awo da tarihi da dabara.

Abin da Dareta ta sani

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu aiki. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake kawowa gida a daka, a niƙa, a wanke, a shanya a tsakar gida, cike yake da dalma. Ƙurarsa ta shiga ɗakuna da abinci da ƙasar da yara ke rarrafe a kai. An ƙiyasta yara wajen 400 ne suka rasu. A ƙauyuka biyu da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida, sun tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Da yawanmu a wannan makaranta muna da yaya ko ƙane a cikinsu.

Dareta da 'Yargalma ne aka fara yi wa aikin tsabtacewa a tsakiyar 2010, tare da masana na TerraGraphics da Blacksmith Institute da gwamnatin jiha. Aka kankare saman ƙasar gidaje, aka kwashe aka binne a ramuka na musamman, aka zuba sabuwar ƙasa mai tsabta. Daga baya aikin ya kai Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza, sai Bagega a 2013. Dubban yara suka sha maganin da ke fitar da dalma daga jini.

Abubuwa uku ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. Ƙurar dalma ba a gane ta da ido ko da hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Kuma ƙananan yara sun fi kowa shiga haɗari, don suna kai hannu baki, jikinsu yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, ita kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa, ta rage wa yaro fahimta har girmansa. Duk abin wasan da babban wa ya ƙera, ƙarshensa hannun ƙanensa ne, daga hannu kuma sai baki.

Don haka ga abubuwan da ba za su shiga wannan sana'a ba a wurinmu. Kada a fasa tsohon batirin mota ko na babur ko na sola don a ciro dalma a narka: hayaƙin guba ne, ruwan batirin kuma yana ƙuna. Kada a ɗebo laka daga inda ake niƙa ko wanke dutse, ko kusa da ramukan da aka binne gurɓatacciyar ƙasa. Kada a yi amfani da buhu ko kwano ko gwangwanin da ya taɓa zuwa wurin haƙa. Kada a shafa wa jirgi garin dutse mai ƙyalli ko kwalli don ya yi kama da ƙarfe, domin kwalli na dutse sau da yawa dalma ce. Haka ma ragowar fentin mota da na ƙofa, wasunsu suna ɗauke da ita. Rigakafi ya fi magani.

Mu ƙera namu

Kayan aikin duk suna kusa: busasshen karan dawa ko na gero, kwalin sabulu ko na taliya, tsinken ashana, zare, gam na takarda, rula, almakashi da reza sabuwa. 'Yan ƙananan aji su bar yanka da reza ga manya.

A fara da Monitor, don ya fi sauƙi. A zana siffar ganyen mangwaro a kwali, tsawo santimita 9, faɗi santimita 2, baki biyu masu tsini. A yanka biyu a manna su, kaurin ya isa. A yanko guntun kara mai faɗin santimita 1, tsayinsa rabin santimita, shi ne rumbun. A soke shi da tsinke ta tsakiya har cikin kwalin don ya riƙa juyawa, a cusa gajerun tsinke biyu a gefe ɗaya su zama igwoyi. A sa ɗan ƙaramin akwati kusa da goshi, wurin matuƙi.

Virginia yana son kwali mai tsawon santimita 14, faɗi biyu da rabi. A feƙe cikin kara mai laushi a yi jinka mai gangare ta kowane gefe, a ɗora a tsakiya, a bar goshi da baya a shimfiɗe. Siririn kara ya zama bututun hayaƙi. Warrior kuwa aikin gwanaye ne: doguwar ganga, sanduna uku na ƙyallen iska, bututun hayaƙi biyu, da zare a madadin igiyoyi. Don launi, baƙar tawada ko garin gawayi da aka dama da gam ya wadatar, alli kuma ya ba da fari. Tsohon shuɗin zane da aka wanke shi ne teku.

A yi aikin a kan tebur ko benci da aka goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a yi a ƙasa. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Jiragen da aka gama a ajiye su a kwali mai murfi, nesa da ƙura da gara.

Dokokin da muke ba da shawara

Ga tsari mai sauƙi na faɗan Hampton Roads, wanda muka gina a kan dabarar kintace. Ana buƙatar mutum biyar: biyu a kowane ɓangare, ɗaya matuƙi ɗaya mai harbi, sai alƙali mai riƙe da rula. A ajiye Minnesota a gefe guda, ba ya motsi. A zana wasu wurare da alli a kan zanen, su ne marasa zurfi.

A kowane zagaye Monitor yana tafiyar santimita 6, ya juya yadda ya so, kuma yana iya shiga wuri marar zurfi, domin na gaske ƙafa 10 da rabi kawai yake nutsewa a ruwa. Virginia yana tafiyar santimita 5, ba ya juyawa fiye da digiri 30 a zagaye ɗaya, kuma idan ya taka alli ya kafe, ya rasa zagaye biyu, domin na gaske yana buƙatar zurfin ƙafa 22 kuma juyawarsa aiki ce. Monitor yana harbi sau ɗaya a zagaye, ta kowace fuska. Virginia yana harbi sau biyu, amma ta gefensa kawai.

Mai harbi ya rubuta nisan da ya kintata a santimita, alƙali ya auna daga bututu ko rumbu zuwa tsakiyar jirgin da aka nufa. Idan kuskuren bai wuce santimita 1 ba, an samu. Jirgi mai sulke yana jure samu 10, Minnesota kuwa 4 kawai. Idan aka yi zagaye 15 Minnesota yana nan, Arewa ta ci. Ba a sa kuɗi, ba a sa komai, wanda aka cinye ya tattara kaya.

Wanda ya buga sau biyu zai gane da kansa abin da ya sa rumbu mai juyawa ya zama abin koyi ga jiragen da suka biyo baya. Zai kuma tarar idonsa ya fara sanin bambancin santimita 20 da 25.

Shin wasan yaƙi ya dace da mu?

Tambaya ce da wani malami ko uba zai yi, kuma yana da gaskiyar yin ta, a yankin da ƙarar bindiga ba labari ba ce. Marubucin nan H. G. Wells, wanda ya fitar da littafin dokokin wasa da ƙananan sojoji a 1913, mutum ne mai ƙin yaƙi, kuma ra'ayinsa shi ne wanda ya ga irin ruɗanin da ke cikin ƙaramin yaƙin tebur zai gane wautar babban yaƙi. Mu dai abin da muke nema shi ne tarihi da awo. Shi ya sa muke so takardar kowane jirgi ta faɗi abin da ya same shi da mutanensa. Virginia, mutanensa ne suka tarwatsa shi da kansu a watan Mayu na 1862 don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Monitor ya nutse cikin guguwa a daren ƙarshe na shekarar, da mutum 16, sai a 2002 aka tsamo rumbunsa aka kai gidan tarihi. Duk su biyun ba su ga sabuwar shekara ba. Kuma babu ƙera bindigar wasa a cikin wannan tsari.

Wanda ransa bai kwanta da jirgin yaƙi ba, ma'aunin nan ɗaya ne ga kowane abu. Yana iya ƙera kwalekwalen Gummi, ko jirgin fito na Yawuri, ko jirgin dakon kaya na tashar Legas, ya jera su kusa da Warrior a ga bambanci.

Roƙonmu

Muna roƙon malaman lissafi su ara mana darasi ɗaya a kan ma'auni, malaman tarihi su duba takardun da za mu manna, malaman kimiyya kuma su duba kayan da kowa zai kawo kafin a fara aiki. Muna roƙon hukumar makaranta ta ba mu kusurwa ɗaya kusa da wannan allo don jera abin da aka ƙera, duk a ma'aunin 1:600, kowanne da sunan ajin da ya yi shi. 'Yan mata da maza duk ƙofa a buɗe take, domin rula ba ta san bambanci ba.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, girbi ya bar mana kara a kowace gona. Ku tanadi masu kauri waɗanda suka bushe sarai, ku zo da rula. Kafin nan ga aikin gida: jirgin Huáscar na ƙasar Peru, wanda Chile ta kama a 1879 kuma yake nan har yau a tashar Talcahuano, tsawonsa wajen mita 60 ne. Santimita nawa zai zama a 1:600, nawa kuma a 1:1200? Ku miƙa amsa ga kowane ɗan ƙungiya, za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.